Shekarar da Aka Saki Giwar Ruwa

Wannan babi na Binta ne, amma ina so ku duka ku karanta shi, domin babu ɗayanku da bai taɓa jin labarin sunanta a bakin mutane ba. Kun ji an ce babanku ya kama giwar ruwa mai girman mutum, ya kwance ta ya mayar da ita ruwa, aka raɗa wa 'yarsa suna da ramammen ɗan taure. Kun ji ana ce masa Mai-saki, kun ji ana ce wa Binta 'Yar Giwa har ta yi aure. Duk wannan ya faru, ban zo musu ba. Abin da ba ku ji ba shi ne maganar da aka yi a cikin ɗakina a ranar, kuma waɗanda suka san ta duk sun riga mu gidan gaskiya, saura ni.

Kun san ni 'yar Gaya ce, daga gidan malamai. Kafin a kawo ni gidan babanku ban san kifi ba sai a cikin miya. Da aka sauke ni a ƙauyen nan na bayan Toranke, wajen fadama, abin da ya fara yi mini maraba ƙarni ne da hayaƙi. Mutanen gidan manoma ne da damina, masunta da rani. Kakarku Inna ce ta koya mini banda: yadda ake farke kifi a wanke, a lanƙwasa tarwaɗa a soke wutsiyarta a baki, a jera bisa raga, a ba ta wuta mai hayaƙi ba mai harshe ba. Ba ta taɓa kiran sunana ba, 'yar malam take ce mini, har kowa a gidan ya ɗauka. Kifin kuwa daga Ruwan Marke yake fitowa, tafkin nan da kogi ke cikawa idan ya yi ambaliya, ya janye ya bar shi. A tsakiyarsa akwai gurbi mai zurfi da ba ya ƙafewa ko a wace irin bazara. Kakanku Baba shi ke kula da ruwan, kamar yadda ubansa ya yi. Shi ke cewa yau a shiga su, yau a dakata.

Babanku ya yi shekaru yana zuwa ci-rani Ikko, shi ya sa yayansa, Yaya Garba, yake ce masa Na-Ikko. Da gadi ya fara, a wani bakin ruwa inda masu kuɗi ke ɗaure jiragensu na shaƙatawa. Da suka ga yadda yake ƙulla igiya, suka gane ɗan ruwa ne, sai suka riƙa tafiya da shi cikin teku. Idan ya dawo gida da damina, bayan la'asar sai mu zauna a tsakar gida, Inna na tuƙa tuwo, shi yana ba mu labarin kifayen can.

"Inna, akwai wani mai baki kamar mashi, tsawonsa ya fi ƙofar zaure. Wani kuma tuta gare shi a gadon baya, in ya buɗe ta kamar an shanya shuɗin zane."

"To, in an kama sai a nufi kasuwa?"

"A'a. A yi ta fama da shi tun hantsi har azahar. In ya gaji a jawo shi jikin jirgi, a auna tsawonsa, a maƙala masa 'yar alama, a zare ƙugiya a sake shi."

Inna ta dakata da muciya a hannu ta dube shi.

"Waɗannan mutane ƙoshi ne ya yi musu yawa. Allah ya ba ka abin miya ka ce masa sai an jima?"

Muka yi ta dariya, har da shi. Amma bai bar zancen a nan ba. Ya ce tsohon da ke tuƙa jirgin, wanda ya yi furfura a kan teku, ya gaya masa manyan nan duk mata ne, su ke ɗauke da ƙwai, kuma manyan jirage masu dogayen igiyoyin ƙugiya sun rage su ƙwarai. In aka ci gaba da ɗauke iyaye, wata rana za a fita a dawo da ruwan gishiri kawai. Aikin babanku a jirgin shi ne ya sunkuya ya riƙe bakin kifin da safar hannu, jirgi na tafiya a hankali, ruwa na ratsa masa maƙogwaro har ya farfaɗo. Ya ce akwai lokacin da za ka ji ƙarfi ya dawo masa a cikin tafin hannunka, daga nan ba kai ke sakinsa ba, shi ke ƙwacewa. In yana faɗin wannan sai ya buɗe hannuwansa a iska, fuskarsa ta yi haske kamar yaro.

Ni ina taya Inna dariya, amma ni ce nake tsaye a kan banda, kuma banda ba ta ƙarya. Shekarar da na zo gidan, tarwaɗa 'yan kaɗan ke cika mini raga. A hankali sai na koma jera karfasa kamar tafin hannun yaro, daga baya kamar yatsu. Mutane sun sami taru mai ƙananan ido wanda ko ɗan tsakon kifi ba ya tsallakewa. Wasu kuma, Allah ya yafe mana baki ɗaya, suna tsiyaya maganin ƙwarin gona a gefen ruwa, kifi ya taso da ciki sama su kwashe. Baba ya tsufa, ƙafa ta ƙi, in ya yi magana sai a ce to, ya juya baya a ci gaba.

Sai shekarar da nake ba ku labari ta zo. Daminar da ta gabace ta ba ta yi albarka ba, kogi da ƙyar ya leƙo tafkin ya koma. Ina ɗauke da cikin Binta, na kiwata rago na musamman don suna, fari mai baƙin kunne, ina ba shi dusa da harawa da hannuna. Da sanyi ya wuce ciwon Baba ya tashi, aka kai shi asibiti, aka sayar da abin da za a iya sayarwa, har da ragon. Ban hana ba, domin ni ma ubana ne. Cikin bazara Allah ya karɓi abinsa. Kafin ya cika ya ce gida da gonaki suna hannun Yaya Garba, ruwa kuma Na-Ikko ya kula da shi. Da haka babanku ya bar zuwa Ikko. Na haihu lokacin da hadari ya fara haɗuwa a gabas, rumbu ya kusa ƙasa, kuma babu wanda ya san da me za a yi yanka.

Suna ya matso, babanku ya shimfiɗa mamari a tafki, wato doguwar igiya mai jerin ƙugiyoyi, ko Allah zai sa a sami abin sayarwa. Da hantsi ina zaune a kan gado, Inna ta kawo mini kunun kanwa, sai muka ji hayaniya daga wajen fadama. Can sai ga shi a ƙofar ɗaki, jiƙe sharkaf, laka har gwiwa. Ya yi sallama, ya roƙi Inna ta ba shi wuri zai yi magana da ni. Ta fita, amma ba ta yi nisa ba, na ji ta ja kujera a gindin bango tana tsintar wake.

"'Yar malam, Allah ya ba mu rago."

"A ina?"

"A gurbi. Giwa ce. Tun ina yaro rabona da ganin irinta a ruwan nan. Na zura mata igiya na ɗaure a saiwar marke, tana nan da ranta. Yaya ya aika Gaya a kira dillalin kifi."

"Alhamdulillahi. To me ya hana fuskarka murna?"

Ya tsuguna a bakin ƙofa don kada ya ɓata mini daɓe.

"Na shafa cikinta. Cike yake da ƙwai."

Binta na barci a cinyata.

"Ban san ko akwai wata uwar da ta rage a gurbin ba," ya ce. "Tun da na dawo ban ga ɗan giwa a komar kowa ba. Amma ragon naki ne, ke kika kiwata shi aka sayar saboda Baba. Danginki ne za su zo daga Gaya. In an ji kunya, a fuskarki za ta sauka. Abin da kika ce shi za a yi. In kin ce a sayar, wallahi ba za ki taɓa jin gori a bakina ba."

Kada ku ɗauka uwarku waliyya ce. Abin da ya fara zuwa mini a rai gwaggona ce, wadda tun ranar aurena take cewa an kai ni gidan ƙarni. Na hango ta tana ɗaga murfin kwano. Na hango rago a tsaye a ƙofar gida, mutane suna cewa ma sha Allah. Ina son ragon nan, ina son sa ƙwarai.

"In ka sake ta, ka tabbata za ta rayu?"

"Ban tabbata ba. Na dai san yadda ake yi."

"Ka tabbata wani ba zai kama ta gobe ba?"

"Wannan ma ban tabbata ba."

Da ya yi mini daɗin baki, ina jin da na ce a sayar. Amma ya ba ni gaskiya tsirararta ya koma ya zuba mini ido. Sai na tuna ƙwan kifin da na yi shekaru ina yaɓowa daga cikin iyaye ina soya wa yara, ban taɓa tunanin ko mene ne ba sai daɗin da yake yi a baki. Na ji muryoyin yayyen Binta biyu suna wasa a waje, 'yan gidan masunta, waɗanda wataƙila za su girma su tarar da ruwa babu komai sai kwaɗi. Mun ci uwa, mun ci 'ya'ya, sannan muna cewa ruwa ya yi rowa. Ga ni kuma da ɗanyen jiki, na san nauyin da take ɗauke da shi.

"Je ka kwance ta kafin dillali ya iso. Akwai ɗan tauren akuyata, a yanka shi."

"Kin yi tunani?"

"In ka ƙara tsayawa zan sake wani tunanin. Tafi."

Abin da ya faru a bakin ruwa ban gani ba, mai jego ba ta fita, amma na ji shi daga bakuna da yawa. Mutane sun cika gaɓa, har da masu noma da suka yar da fartanya. Babanku ya shiga ruwa har ƙirji, kowa na zaton fito da ita zai yi. Sai aka ga ya zare igiyar, ya kama ta a muƙamuƙi, yana tafiya da ita a hankali, ya je ya dawo, ya je ya dawo. Yaya Garba ne ya fara gane abin da ake ciki, ya shiga kiran sunansa. Babanku bai waiga ba. Can giwar ta kaɗa wutsiya sau ɗaya, ta kifar da shi cikin ruwa, ta nutse ta nufi gurbi. Ya taso yana tari yana dariya. A daidai lokacin dillali ya iso a kan babur da ƙaton kwando a baya.

Ina ɗaki na ji shigowarsu gida. Ban taɓa jin Yaya ya ɗaga murya haka ba.

"Na-Ikko, ka koyo haukan masu kuɗi, ka baro kuɗin a can. 'Yarka babu rago, rumbu babu hatsi, Allah ya miƙo maka, ka ture hannunsa. Wa ka shawarta?"

"Yaya, ka yi haƙuri. Ni na ga ya dace."

Na ɗaga asabari zan yi magana. Babanku ya dube ni ta gefen ido, ya girgiza kai kaɗan. Na saki asabarin. Inna kuwa ko ɗago kai ba ta yi daga wakenta ba.

Ranar suna ta zo, mutanen Gaya suka cika mota. Aka yanka ɗan taure. Gwaggona ta ɗaga murfin kwano kamar yadda na hango, ta ce wannan nama sai an sa tabarau. Matan ƙauye kuma suka sami abin wasa, kowace ta shigo barka sai ta ce in yi hattara, namijin da ya fara da sakin kifi ba a san inda zai tsaya ba. Na yi musu dariyar yaƙe, da suka fita na yi kukana. Mahaifina ne kaɗai bai yi dariya ba. Bayan an shafa fatiha ya ja babanku gefe, ya sa ya ba shi labarin tun daga farko, ya saurara yana jan carbi.

"Yanka ya wadatar, kada wannan ya dame ka," ya ce masa. "Barin uwa don 'ya'ya su yaɗu kuma ba hauka ba ne. Amma gandunku ɗaya da yayanka, yana da haƙƙi a kifin nan, ba ka nemi izininsa ba. Ka je ka nemi yafiyarsa."

Ya je. Yaya ya saurare shi har ya gama, ya tashi ya shige ɗaki. Da kaka ta yi aka shigo da amfanin gona, sai ya ce a raba gandu. Aka raba gonaki, aka raba rumbu, aka kira magini ya ja katanga a tsakiyar gida. Ita ce katangar da kuka tashi kuna hawa kuna dira gidan baffanku, kuna tsammanin tun asali haka gidan yake. Wannan shi ne ainihin abin da giwar ta ci mana, ba rago ba. Inna ta zauna a ɓangaren Yaya, tana zagayowa ta waje in za ta ga jikokinta. Babanku ba gwanin noma ba ne, shekarun da suka biyo baya mun ji jiki. Ni kuma na daina sayen ƙananan kifi don banda, domin ba zai yiwu in ce a saki uwa sannan in zauna ina ƙona 'ya'ya ba. Ragata ta riƙa kwana babu komai, na koma yin ƙuli-ƙuli da kitso.

Abu ɗaya dai ya samu wanda bai nema ba. Da ya tara masunta a ƙofar mai unguwa ya ce a bar gurbi ya huta, babu wanda ya iya cewa don cikinsa yake magana. An yi ta ja-in-ja, har wani tsoho da ya yi zamani da Baba ya buga sandarsa a ƙasa.

"Mutumin da ya saki ragon sunan 'yarsa, in ya ce a bar gurbi, a bar masa. In mahaukaci ne, mu gwada haukansa mu gani."

A nan aka tsayar cewa daga saukar ruwan farko har a gama girbi babu mai taɓa gurbi. Tarun da yatsu ba sa shiga idonsa a naɗe shi. Wanda aka kama da maganin gona a bakin ruwa sai gaban dagaci. Uwa mai ƙwai kuma a mayar da ita. Kada ku ɗauka kowa ya bi. An yi sata, an yi rigima, akwai wanda ya daina gaishe mu har ya mutu. Babanku ya mayar da gindin marke kamar zaurensa, can ake kai masa abinci. Ni ma na bi matan banda ɗaki ɗaki, wasu suka ji, wasu suka ce 'yar malam ta fara wa'azi.

Binta ta fara tafiya, ta yi wayo, sannan wata rana wani mai birgi, komar nan da ake wurgawa, ya zo ƙofar gida da 'yar giwa kamar damtse, tana sheƙi, ya nuna wa babanku ya koma da gudu ya jefa ta ruwa. Daga baya suka riƙa fitowa jefi jefi, tarwaɗa ma ta fara yin jiki. Mutane suka ce 'ya'yan waccan ce. Babanku bai taɓa yarda ya faɗi haka ba. Ya ce kogi ma yana iya kawo su, kuma shi bai maƙala mata alama ba, ba zai yi mata shaidar zur ba. Ita kanta ba a sake ganin ta ba. Abin da na sani shi ne ruwan nan ya ciyar da ku, ya sa muku sutura, ya kai waɗanda suka yi karatu makaranta.

Tsakaninsa da Yaya kuwa, suna gaisawa, suna sahu ɗaya a masallaci, amma sun daɗe ba su sa hannu a kwano ɗaya ba. Duk ranar da aka buɗe gurbi aka shiga kamun kifi, babanku zai zaɓi kifin da ya fi kyau ya ce in miƙa ta kan katanga. Washegari kwanon zai dawo ta kan katangar cike da gero. Da haka suka yi ta magana shekara da shekaru, har rasuwar Inna ta zaunar da su a tabarma ɗaya.

Na taɓa tambayarsa, bayan mun tsufa, me ya hana shi faɗin gaskiya, ya bari ana ce masa Mai-saki har gaban 'ya'yansa.

"Ke baƙuwa ce a garin, da jariri a hannu. Ni kuwa na saba jiƙewa. Kuma da sun san ke ce, da sun ƙwace ruwan sun ba ki, ni in koma ƙuli-ƙuli."

Saboda haka Binta, in kina da wanda za ki riƙe a kan ɗan taure, ga ni. Shi tambaya kawai ya yi, ya kuma ɗauki amsar a kansa har kabari. Allah ya haskaka makwancinsa.

Da ya rasu, ina cikin takaba, bayan baƙi sun ragu, sai na ji ƙarar sanda a tsakar gida. Yaya Garba ne, ya tsufa tukuf, ido ya yi rauni. Tun da aka kawo ni gidan, magana ba ta taɓa haɗa mu ba in ban da gaisuwa, ina durƙushe yana tsaye. Ya lallaba ya zauna a kan turmi a ƙofar ɗakina.

"'Yar malam, ya ƙarin haƙuri?"

"Da godiya, Yaya."

Na ga in ban faɗa yanzu ba, ba zan ƙara samun dama ba.

"Yaya, akwai maganar da na daɗe ina riƙe da ita. Giwar nan ta shekarar Binta, ba shi ya ce a sake ta ba."

"Na sani. Inna ta gaya mini a ranar, tun kafin la'asar."

"Ka sani, Yaya?"

"To ina zan kai fushina? Ɗakin mai jego? 'Yar mutane, amana a hannunmu? Shi ne ƙanina, shi Allah ya ba ni in yi wa faɗa. Shi ma ya san na sani." Ya juya sandar a hannunsa. "Katangar ce dai ta yi tsawo. Na yi ta jira ya ce a rushe, ashe shi ma ni yake jira."

Ya sa hannun riga ya share idonsa, ya ce hayaƙin bandata ne ya shige masa. Ni kuwa rabona da hura wutar banda tun kafin babanku ya kwanta ciwo.